Kumburin ciki bayan fara maganin ɗaukewar al'ada: nazarin lamarin wata shugabar makaranta a Gombe

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 52, shugabar wata makarantar firamare ce a cikin garin Gombe, kuma ta haihu sau bakwai. Na sakaya sunanta da na unguwarsu. Ta zo sashen mata na asibitin da nake aiki tare da babbar 'yarta, kuma tun kafin ta gyara zama ta ce da ni: "Likita, maganin nan ya kashe mini wutar da ke jikina, amma ya hura mini ciki." A lokacin tana cikin mako na shida da fara shan maganin cike gurbin homon, wato sinadaran da jikin mace yake rage samarwa idan al'ada ta ɗauke.

Rabonta da jinin al'ada wata ashirin ke nan. Yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma ba a tabbatar da shi sai mace ta yi wata goma sha biyu a jere ba ta ga jini ba, don haka lokacin da nata ya zo ba abin mamaki ba ne. Abin da ya biyo baya shi ne ya wahalar da ita: zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska sau da yawa a yini, har a tsakiyar taron malamai, da gumin dare mai jiƙa zanen gado ko da a cikin hunturu ne, da rashin barci. Sau uku aka yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, sau biyu na taifot, kafin wani likita ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Shi ne ya rubuta mata ƙwaya ɗaya a kullum mai ɗauke da homon iri biyu, istiradayol, wanda nau'in istirojin ne, miligiram 2, da noretistaron, na dangin furojestaron, miligiram 1. Haɗin yana kan ƙa'ida, domin macen da mahaifarta ke nan ba a ba ta istirojin shi kaɗai. Idan aka yi haka bangon mahaifa na ciki yakan yi kauri, daga nan kuma sankara take samun ƙofa, shi ya sa ake haɗa shi da wani daga dangin furojestaron don ya tsare mahaifar. Gyaran da nake gani a wurin guda biyu ne: an fara mata da babban awo alhali akwai mai rabinsa, kuma ba a gaya mata komai ba game da abin da cikinta zai iya yi a makonnin farko.

Cikin mako biyu zafin ya lafa, barci ya dawo. Amma tun kwana na huɗu ta fara jin tashin zuciya da hantsi, domin takan haɗiye ƙwayar da ruwa kawai bayan sallar asuba, ta wuce makaranta ba ta karya ba. Daga nan kumburin ya shigo. Da safe takan ɗaura zani daidai, kafin la'asar sai ta kwance ta sassauta. Zoben da ya yi shekaru a yatsarta ya daina fita sai da sabulu. Bayan gida ya koma sau biyu a mako, shi ma da ƙyar. Idan ta kwanta bayan cin tuwo kuma sai ƙwannafi ya taso mata har maƙogwaro. Wata abokiyar aikinta ta tsokane ta a ofis da cewa, "Hajiya, ko dai za mu sha sunan auta ne?" Ta ce ta yi dariya a wurin, amma da ta koma gida sai da ta tsaya a gaban madubi.

Kafin ta iso gare mu ta bi ta hannun masu ba da shawara, kowa da nasa sunan ciwon. Yayarta ta ce basir ne, ta haɗa ta da jiƙon filasko, wanda yakan murɗa mata ciki ya buɗe hanya kwana ɗaya sannan abin ya koma yadda yake. Wata maƙwabciya ta ce ta riƙa jiƙa jar kanwa tana sha bayan abinci. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ta omefirazol. Ita da kanta ta ɗauki ɗabi'ar shan lemon kwalba da rana don ta yi gyatsa ta ji sauƙi. 'Yarta kuma, da kyakkyawar niyya, ta sayo mata ƙwayoyin kalsiyom saboda ta ji ana cewa ƙashin mata yana rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Duk da cewa lokacin da kumburin ya fara ya yi daidai da lokacin fara maganin, ban yarda na ɗora wa maganin laifi nan take ba, kuma wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a lamarin gaba ɗaya. Kumburin ciki mai nacewa a jikin macen da ta haura hamsin yana cikin alamun farko na sankarar gidan ƙwai, cutar da ke shigowa a ɓoye, wadda sau da yawa ba a gano ta sai ta yi nisa, domin alamunta sun yi kama da na ɓacin ciki na yau da kullum. Ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila mai tsara hanyoyin kula da marasa lafiya, wadda likitocinmu da yawa suke dubawa, a lokacin ita ce mace, musamman wadda ta kai shekara 50, idan tana fama da kumburi mai nacewa, musamman fiye da sau 12 a wata, ko saurin ƙoshi, ko ciwon mara, ko yawan fitsari, a yi mata gwajin jini na CA125, wani sinadari da kan ƙaru a jinin mai wannan sankara, idan ya kai 35 ko ya wuce a ɗauki hoton ciki da mara. Shi kansa maganin homon yana ɗan ƙara haɗarin wannan sankara: wani babban nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattaro bincike 52, ya ƙiyasta ƙarin mace ɗaya cikin dubu a tsakanin waɗanda suka yi shekara biyar suna amfani da shi tun daga shekara 50. Mako shida ba zai haifar da sankara ba, amma zai iya zama labulen da wadda ta riga ta fara za ta ɓuya a bayansa, kowa yana cewa ai maganin ne.

Na tambaye ta ko ta rame, ko tana ƙoshi da loma kaɗan, ko ta ga jini a bayan gida ko ya yi baƙi, ko abinci yana tsaya mata a ƙirji, ko akwai mai sankarar nono, ta hanji ko ta gidan ƙwai a danginsu. Duk ta ce babu. Da na duba ta, cikin yana da laushi, babu ƙullutu, babu alamar ruwa a kwance, kuma idan an ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar ganga, alamar iska. Ƙafafunta sun ɗan tasa a idon sawu, inda yatsa yake barin gurbi, amma duka biyun daidai suke kuma babu ciwo a sha-raɓa. Na kula da wannan domin ƙwayar istirojin ta sha tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma wannan yawanci ƙafa ɗaya yake kumburawa. Nauyinta ya ƙaru da kusan kilo biyu a kan abin da ke rubuce a katinta, hawan jininta kuma 146 bisa 92, alhali a da bai taɓa fita daga ƙa'ida ba. Gwajin CA125 ya fito ƙasa da 35. Duk da haka na sa aka ɗauki hoto, wanda ya nuna gidan ƙwai biyu sun ƙanƙance kamar yadda ake tsammani a shekarunta, bangon mahaifa siriri, babu ruwa a ciki, babu tsakuwa a matsarmama. Yawan jini, sukari da aikin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai samar da homon, duk lafiya. Gwajin ƙwayar Helikobakta, mai haddasa gyambon ciki, wadda ta yawaita ƙwarai a ƙasar nan, sai da muka jinkirta shi mako biyu bayan ta daina omefirazol, domin maganin yana iya ɓoye ta. Da aka yi, ba a same ta ba.

Matsarmamar ba don cika takarda na sa aka duba ta ba. Istirojin da aka haɗiya yana ƙara yawan kolestarol a cikin ruwan ɗacin da hanta take zubawa a matsarmama, kuma daga nan tsakuwa take ƙulluwa. Wani babban bincike na lafiyar mata da aka yi a Amurka, wanda aka dakatar da wani sashensa mai mata fiye da 16,000 a 2002 har duniya ta tsorata da maganin homon, ya nuna ƙarin ciwon matsarmama a tsakanin masu shan ƙwayar, sannan wani binciken na Birtaniya mai mata fiye da miliyan ɗaya ya nuna a 2008 cewa haɗarin ya fi ƙanƙanta ga masu karɓar maganin ta fata. Macen da ke kan wannan magani idan ta ce tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin abu mai maiƙo, ba olsa za a fara kira ba.

Da hankali ya kwanta ta wannan fuska, sai aikin ya koma rarrabe abin da take kira kumburi, domin kalmar guda ɗaya ce a bakin mutanenmu amma abubuwa da dama take ɗauke da su. Na roƙe ta ta yi mako biyu tana rubuta abin da ta ci, da lokacin shan magani, da ranar da ta yi bayan gida, ta kuma auna cikinta daidai cibiya da tef ɗin tela, da safe kafin karyawa da kuma bayan isha'i. Malamar makaranta ce, don haka ta dawo da littafin rubutu na ɗalibai an ja masa layi da jan biro, kowace rana da shafinta. Da safe awon yakan tsaya a inci 37, da dare ya kai 39 da rabi, ranakun da ta ci ɗan wake ko shinkafa da wake kuma ya taɓa 40. Washegarin ranar da ta yi bayan gida sosai, bambancin bai wuce inci ɗaya ba.

Littafin ya nuna abu uku a cakuɗe. Akwai ruwa, wanda shi ne ya matse zobe ya tasa ƙafa ya ƙara nauyi cikin 'yan makonni. Ƙwayar da aka haɗiya daga hanji hanta take fara zuwa kafin ta zagaya jiki, kuma istirojin idan ya isa hanta da yawa haka yana sa ta ƙara samar da wani sinadari da ke kai wa ga ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri kuma ruwa yake ja. A kan wannan ne jar kanwa ta zo ta ƙara, domin kanwa gishirin sodiyom ce. Tana kashe ƙwannafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma idan ta haɗu da ruwan tsamin tumbi iska take fitarwa, sodiyom ɗinta kuma ya shiga jini ya tara ruwa ya ɗaga hawan jini. Akwai kuma nawar hanji, wadda ta fi alaƙa da ɓangaren furojestaron na ƙwayar. Wannan homon yana sassauta naman da ke motsa hanji, abinci ya daɗe a hanya, hanji ya tsotse ruwan bayan gida ya bar shi da tauri, ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji kuma su sami lokacin ruɓar da ragowar abinci su cika shi da iska. Haka kuma yake sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, tsami ya riƙa tasowa. Da na yi mata wannan bayani sai ta ce, "Ashe shi ya sa nake jin kamar ina da ciki wata uku." Ta faɗi daidai, domin homon ɗin da ke kawo wa mai juna biyu ƙwannafi da taurin bayan gida danginsa ne take sha. Kalsiyom ɗin da 'yarta ta sayo shi ma yana ƙara taurin. Na ukun shi ne iskar da take shigarwa da hannunta, ta lemon kwalba da ta wake.

Akwai na huɗu da ba ya cikin littafin amma ya kamata a ambata, wato teɓa. Bayan ɗaukewar al'ada kitsen mace yakan ƙaura daga ƙugu da cinya ya taru a ciki, ko tana shan magani ko ba ta sha, kuma binciken da aka yi bai nuna cewa maganin homon yana ƙara ƙiba fiye da wadda shekaru suke kawowa ba. Bambancin mai sauƙi ne: teɓa ba ta sacewa da asuba. Inci 37 na safe nata ne, abin da ya hau kai kafin dare shi ne muke nema.

Ban canja maganin a wannan zama ba, saboda irin waɗannan illoli yawanci suna lafawa da kansu cikin wata uku na farko, kuma shi ya sa ƙa'ida ta tanadi a sake ganin mace bayan wata uku da farawa, sannan sau ɗaya a shekara. Abin da muka yi shi ne sauke kayan da aka ɗora a kan maganin. Ƙwayar ta koma bayan abincin dare. Kanwa ta sha da lemon kwalba da filasko da ƙwayar kalsiyom duk aka ajiye su, aka rage dunƙulen ɗanɗano a miya, tunda shi ma gishiri ne. Ta fara tafiya makaranta da gorar ruwa, ta ƙara kuɓewa da kuka da zogale da gwanda sannu a hankali, domin idan aka tura ganye da yawa lokaci guda cikin hanjin da ba ya motsi iskar ƙaruwa take yi. Ban hana ta wake ba, wanda hana shi a gidan Bahaushe magana ce ta fatar baki. Na ce a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan, ta kuma rage awo. Ta riƙa yin tattaki na minti ashirin bayan cin abinci, kada ta kwanta sai bayan awa biyu zuwa uku. Na guji ba ta laktulos, ruwan maganin taurin bayan gida da aka fi samu a kemis, saboda shi kansa yana tara iska. Ta tambaye ni game da fura da nono. Na ce ta duba littafinta, kuma babu ranar da suka dame ta, abin da bai ba ni mamaki ba, tunda nonon da ya yi tsami sukarinsa ya ragu, ita kuma mahaifiyarta Bafulatana ce, Fulani kuwa sun fi sauranmu iya narkar da madara har girma.

Tashin zuciyar ya tafi cikin kwana uku. Ƙwannafin ya ragu, hawan jinin ya sauko zuwa 134 bisa 84. Kumburin yamma da taurin bayan gida kuwa sun yi sauƙi amma ba su tafi ba, kuma a cikin wata na uku haƙurinta ya ƙare, ta ajiye maganin kwana shida ba tare da ta gaya wa kowa ba. Cikin ya sace, amma a dare na huɗu gumin ya dawo, sannan ta ga ɗigon jini, wanda ya tayar mata da hankali fiye da komai, ga tsoron cuta ga kuma tambayar matsayin sallarta. 'Yarta ce ta kira ni ta ce, "Likita, Umma ta daina shan maganin, yanzu kuma jini take gani." Ɗigon jini a wata shida na farkon wannan nau'in magani abu ne da aka saba gani, balle idan an yi tsallaken kwanaki, kuma hotonta na baya-bayan nan ya nuna bangon mahaifa siriri; jinin da ya nace bayan wata shida, ko wanda ya ɓullo bayan an daɗe ba a gani ba, shi ne ake bincika da gaggawa. Ban ga laifinta ba. Kwana shidan nan ma sun yi mana amfanin da gwaji bai yi ba, domin sun nuna ƙarara cewa ragowar kumburin daga ƙwayar yake, sun kuma nuna cewa har yanzu jikinta yana bukatar maganin.

A nan muka canja hanya. Istirojin ya koma ta fata, inda yake shiga jini kai tsaye ba tare da ya fara taruwa a hanta ba, abin da ke rage riƙon ruwa da tashin zuciya da haɗarin tsakuwar matsarmama, kuma a awon da aka saba ba a ga yana ƙara haɗarin daskarewar jini ba. Noretistaron kuma muka maye gurbinsa da furojestaron mai kama da na jiki, miligiram 100 kowane dare, wanda ake sha lokacin kwanciya saboda yana kawo barci. Na ba ta zaɓin robar mahaifa mai sakin homon a hankali, wadda take tsare bangon mahaifa har shekara biyar kuma kaɗan ne daga cikin maganinta yake zagaya jiki, amma ta ce bayan haihuwa bakwai ba ta son a sake saka mata komai, ni kuma ban matsa ba.

Wahalar da ta biyo baya ba ta likitanci ba ce. Maganin fatar bai samu ba a shagunan da 'yarta ta zagaya a cikin gari, sai ɗanta da ke aiki a Abuja ne ya riƙa aikowa ta mota, kuma kuɗinsa ya ninka na ƙwayar. Da farko filasta aka samo, wadda ake mannawa a ƙasan ƙugu ana canjawa sau biyu a mako, sai aka yi rashin sa'a lokacin ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, kuma duk wanda ya san Gombe a wannan lokaci ya san yadda gumi yake. Filastar takan ɗaye kafin kwana biyu, ta bar jan tabo mai ƙaiƙayi. Muka koma man shafawa, matsa biyu a kullum, kowace matsa miligiram 0.75, tana shafawa a cinya bayan wankan safe ta bari ya bushe na minti biyar kafin ta sa kaya.

Mako shida bayan wannan canji zoben ya koma fita da kansa, kilo ɗaya da rabi ya sauka, hawan jinin ya tsaya a 126 bisa 80, zafin jiki da gumin dare kuma ba su dawo ba. Bayan gida ya koma kusan kullum, ko da yake idan ta yi sakaci da ruwa kwana biyu taurin yakan leƙo, domin sabon furojestaron ɗin shi ma danginsu ɗaya da na farko, sauƙinsa ne kawai ya fi a jikinta. Bambancin awon safe da na dare ya tsaya a inci ɗaya, ban da ranar ɗan wake, wanda ta ce ta yafe masa. Ɗigon jinin bai sake dawowa ba. Na rubuta mata a bayan littafin abubuwan da idan ta gani ba za ta jira ranar dawowa ba: kumburin da ba ya sacewa da safe, saurin ƙoshi, rama ba dalili, jini ta gaba ko ta baya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi. Za ta dawo bayan shekara guda a auna hawan jini, a duba nono, a sake tattauna ko za a ci gaba da awon ko a rage, kuma na ce ta zo da littafin.